Na ƙyalle, na tiyata ko N95: wanne takunkumi ne yake tare cutar da ke yawo a iska?

Duk lokacin da mura ta yi yawa, ko aka ce wani sabon nau'in korona ya ɓullo, ko wani a gida ya kwanta da tari da zazzaɓi, sai tambayar nan ta sake tasowa, wai wanne takunkumi zan saya? Ga na ƙyalle mai kyau da ado, ga shuɗin nan na asibiti, wato na tiyata, da ake sayarwa kwali-kwali, ga fari mai tudu an rubuta masa N95 ko KN95 ko FFP2, wani ma har da ɗan bawul, wato ƙofar fitar numfashi, a gefe, kowanne kuma kwalinsa na cewa shi ne ƙarshe. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne yadda nake ganin masu rauni, tsofaffi da masu ciwon suga da masu asma, suna sa abin da suke zaton yana kare su alhali iska na shiga ta gefen kunci kamar ƙofar da aka bari a buɗe. Wallahi abin yana damuna, don sun kashe kuɗin, sun sha zafin, amma rabin amfanin kawai suka samu.

Sai an gane yadda cutar ke tafiya kafin a gane takunkumi. Ƙwayar bairos ƙarama ce ƙwarai, ta korona kusan kashi ɗaya cikin goma na maikron ce (maikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma silin gashin kai ɗaya kaurinsa ya kai maikron 70 ko kusa da haka. Wasu da suka ji wannan sai su ce toh ai ba takunkumin da zai tare ta. Amma fa ba tsirararta take fitowa ba, a cikin ɗigon ruwan numfashi take fitowa lokacin da mutum ke magana ko tari ko atishawa, kai ko numfashi kawai. Manyan ɗigon suna faɗuwa ƙasa nan kusa cikin 'yan daƙiƙu. Ƙananan kuma sai su tsaya suna shawagi kamar hayaƙin sigari, mintuna har awanni in ɗakin ba ya samun iska. Ƙwayar ƙyanda ma tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai cutar ya fita. A farkon korona an fi maida hankali kan manyan ɗigon da wanke hannu, sai a watan Yulin 2020 masana 239 suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna kira ga Hukumar Lafiya ta Duniya da ta yarda cewa cutar tana bin iska, a 2021 hukumar ta fito fili ta faɗi hakan. Nan ne lissafin ya canza, domin abin da zai tare feshin yawu daban, abin da zai tace hayaƙi daban.

Abubuwan da nake dubawa

Na farko ƙarfin tacewar abin da aka yi takunkumin da shi, wato cikin ƙwayoyi ɗari da suka doso shi nawa yake kamawa. Shi ne abin da ake rubutawa a kwali, shi ne kuma kowa ya fi kallo.

Na biyu kuma, wanda ni a wurina ya fi na farkon ma muhimmanci, shi ne zamansa a fuska. Iska kamar ruwa take, inda ya fi sauƙi nan take bi. In akwai rata a karan hanci ko gefen kunci ko ƙarƙashin haɓa, yawancin iskar da kake shaƙa ta nan za ta shige ba tare da ta taɓa matatar ba. Ka kawo matatar da ta fi kowacce kyau a duniya ka rataya ta sako-sako, ka ga ai an yi ba a yi ba kenan.

Sai tambayar wa ake son karewa, kai da ke sanye da shi ko mutanen da ke kusa da kai. Tare abin da ke fita daga bakinka ya fi sauƙi, don a lokacin ɗigon suna nan da girmansu da danshinsu, ba su riga sun bushe sun ƙanƙance ba. Tare abin da ke shigowa shi ne mai wuya. Bayan nan sai sauƙin numfashi da magana, don takunkumin da ya ishe ka bayan minti ashirin ka ja shi ƙasan haɓa ba abin da ya tsinana maka, sai kuɗi da daɗewa, sai kuma haɗarin jabu da kuskuren amfani.

Na ƙyalle

Shi ne mafi araha in aka yi lissafin dogon lokaci, tunda ana wankewa a sake sawa watanni, kuma ba ya takura numfashi in bai yi kauri da yawa ba. Matsalarsa ita ce babu ma'auni ɗaya, na wani falle ɗaya ne na yadi mai shara-shara wanda in ka ɗaga shi ga fitila za ka ga haske na ratsawa, na wani kuma falle uku ne da saƙa mai matsi. A watan Yunin 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar falle uku, na ciki auduga mai shan danshi, na tsakiya polifirofilin wanda shi ke tacewa, na waje kuma mai korar ruwa irin poliyesta. Kaɗan ne daga cikin waɗanda ake gani a fuskokin mutane suka cika wannan.

Akwai wani bincike da aka wallafa a 2015, tun kafin korona, a asibitoci 14 na birnin Hanoi a Biyetnam, da ma'aikatan lafiya sama da 1,600. Waɗanda aka ba na ƙyalle sun fi waɗanda aka ba na tiyata kamuwa da ciwo mai kama da mura, kuma da aka gwada ƙyallen a ɗakin gwaji kusan kashi 97 cikin 100 na ƙwayoyin sun ratsa shi, na tiyatan kuma kashi 44. Wannan ba yana nufin kowane ƙyalle haka yake ba, nasu falle biyu ne na auduga, amma ya isa ya nuna cewa bai kamata mai jinyar mara lafiya ya dogara da shi ba. Da babu gara ba daɗi, musamman in mai tarin ne ya sa shi don rage feshi. Haɗarinsa babba shi ne mutum ya ji ya tsira sai ya shiga cunkoson da da ba zai shiga ba, sai kuma rashin wanki, a cire a cusa a aljihu a sake ɗaukowa gobe yana da danshi.

Na tiyata, shuɗin nan

Wannan ya fi yadda mutane ke raina shi, kuma bai kai yadda wasu ke zuzuta shi ba. Na gaske falle uku ne, na tsakiyar irin zaren roba ne mai laushi da ake narkawa a hura shi ya zama kamar yanar gizo-gizo, shi ke yin aikin. A ma'aunin Turai ana raba shi Type I da Type II da Type IIR, na farko yana tare kashi 95 na ƙwayoyin bakteriya a gwaji, sauran biyun kashi 98, mai R ɗin kuma yana jure fantsamar ruwa ko jini. Amurka ma tana da nata matakan uku. Amma ka lura da yadda ake gwajin, ana maƙale yadin ne a na'ura a hura masa ɗigo masu girman kusan maikron 3, ba a fuskar mutum ake gwadawa ba. Asalin aikinsa shi ne ya hana yawun likita faɗawa cikin ciwon da aka buɗe, ya kuma hana jini fantsamar masa a baki da hanci. Ba a ɗinka shi don ya manne ba, shi ya sa za ka ga gefensa a buɗe, mai tabarau kuma gilashinsa ya yi ta yin raɓa, raɓar nan ita ce shaidar iskar da ke fita ta sama, kuma inda ta fita nan take shiga.

Duk da haka yana aiki. Gwaji mafi girma da aka yi a cikin jama'a shi ne na Bangaladash, ƙauyuka 600 da manya kusan 340,000, aka fitar da sakamakon a 2021. An raba takunkumi an kuma yi ta tunatar da mutane, sai masu sawa suka tashi daga kashi 13 zuwa kashi 42. A ƙauyukan da aka raba na tiyata, masu kamuwa da korona mai alamomi sun ragu da kusan kashi 11, a tsakanin waɗanda suka haura shekara 60 kuma raguwar ta kai kusan kashi 35. A ƙauyukan na ƙyalle ba a ga raguwar da za a kafa hujja da ita ba. Kashi 11 zai yi wa wani kaɗan a ido, amma ka tuna ko rabin mutanen ba su sa ba.

Ana iya ƙara masa ƙarfi ba tare da kashe ko sisi ba. Ka ninke shi biyu, ka ƙulla igiyar kowane kunne daf da jikin takunkumin, sannan ka cusa yadin da ya yi tudu a gefe zuwa ciki, sai ka matse ƙarfen hancin da hannu biyu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta gwada wannan dabarar a Fabrairun 2021 tare da ta ɗora na ƙyalle mai matsi a kan na tiyata, duka biyun sun rage shigar iska ta gefe sosai. Amma kar a ɗora na tiyata biyu a kan juna, ratar gefen tana nan. Shi sau ɗaya ake amfani da shi, da zarar ya jiƙe ko ya yi datti a jefar, don haka arahar tasa ta guda ɗaya ce, mai sawa kullum zai ga kuɗin na taruwa.

N95 da 'yan uwansa

A nan zan daɗe, don a nan kariyar gaske take kuma a nan aka fi yin kuskure. N95 ma'aunin Amurka ne, hukumar NIOSH mai kula da lafiyar ma'aikata ke ba da shi, ma'anarsa yana tace aƙalla kashi 95 na ƙwayoyi masu girman kusan maikron 0.3, shi kuma N ɗin na nufin ba a yi shi don tururin mai ba. FFP2 na Turai ne, kashi 94, FFP3 kashi 99. KN95 na Sin ne, kashi 95. KF94 na Koriya ta Kudu, kashi 94. Bambancin 94 da 95 ba abin da zai hana ka barci ba ne.

Me ya sa aka zaɓi 0.3? Don wajajen wannan girman ne ya fi wuyar kamawa. Mutane suna ɗauka matatar kamar rariya ce, abin da ya fi ramin ƙanƙanta ya wuce, amma ba haka take aiki ba. Zaruruwa ne birjik a cakuɗe, falle kan falle. Manyan ƙwayoyi nauyinsu ba ya barin su yi kwana da iska sai su daki zare su manne. Ƙananan sosai kuma ba sa tafiya miƙe, karo suke ta yi da iskar suna watsal-watsal har su faɗa kan zare. Na tsakiyar ne suka fi iya sulalewa, su kuma aka tanadar musu caji. Ka taɓa goga matajin roba a gashi ka ga yana ɗauko 'yan guntayen takarda? Irin wannan cajin ne aka dasa a cikin zaren ya zauna dindindin, yana janyo ƙwayoyin kamar maganaɗisu. Wani masani ɗan asalin Taiwan mai suna Peter Tsai, a Jami'ar Tenesi ta Amurka, shi ya ƙirƙiro hanyar dasa cajin nan a shekarun 1990. Saboda cajin ne ake samun tacewa mai ƙarfi ba tare da an toshe numfashi ba, kuma saboda shi ne ba a wanke N95. Sabulu da ruwa ko fesa masa sanitaiza mai barasa suna kashe cajin, sai ka ga takunkumin fes a ido amma ya zama ƙyalle.

Zama a fuska kuwa, mai igiya biyu da ke zagaye kai, ɗaya a sama da kunnuwa ɗaya a ƙeya, ya fi mai rataye a kunne matsewa nesa ba kusa ba. Yawancin N95 masu igiyar kai ne, yawancin KN95 da KF94 masu kunne ne. A asibitoci da masana'antu ana yi wa ma'aikaci gwajin fuska, ko da na'ura ko a rufa masa wata hula a fesa abu mai ɗaci ko zaƙi a ga ko zai ɗanɗana, kuma a gwajin na'ura sai iskar cikin takunkumin ta fi ta waje tsafta sau 100 kafin a ce ya ci. Kai da ke gida ba ka da wannan, amma kana da hannunka. Ka sa, ka matse ƙarfen hanci da yatsun hannu biyu, ka rufe shi da tafukanka ka fitar da numfashi da ƙarfi, in ka ji iska a idonka ko gefen kunci ka gyara. Ka ja numfashi, ya kamata ka ji ya ɗan lotsa ciki. In ka gyara ka gyara ya ƙi, ba naka ba ne, canza samfuri. Fuskoki ba iri ɗaya ba ne, akwai mai kama da ƙoƙo, akwai mai ninki uku kamar kwalekwale, akwai mai bakin agwagwa wanda ba shi da kyan gani amma ya fi sauƙin numfashi da magana. Shawarata kar ka sayi kwali guda sai ka gwada ɗaya ko biyu tukuna.

Gemu matsala ce ta gaske kuma gara a faɗe ta. Duk gashin da ya shiga tsakanin bakin takunkumi da fata yana buɗe hanya, ko tsiron kwana biyu ne. Mai gemu da ya sa N95 har yanzu ya fi mai ƙyalle samun kariya, amma kar ya lissafa kansa cikin masu kashi 95.

Wasu masana a Cibiyar Max Planck da ke Gottingen a Jamus sun auna yawan iskar da ke zurarewa a fuskokin mutane sannan suka yi lissafin mafi munin abin da zai iya faruwa, suka wallafa a Disambar 2021. In mai cutar yana magana ba takunkumi, kai kuma kana da na tiyata a tazarar mita ɗaya da rabi, haɗarin kamuwa na iya kai kashi 90 bayan rabin awa. In FFP2 ne a fuskarka, kusan kashi 20 ko bayan awa guda. In ku biyun kuna da na tiyata, ƙasa da kashi 30 bayan awa guda, in kuma ku biyun kuna da FFP2 da ya zauna daidai, kashi 0.4. Lissafi ne na iyakar sama, ba ƙidayar waɗanda suka kamu ba, amma tsarin ya fito sarai. A Kalifoniya ma wani binciken da CDC ta fitar a Fabrairun 2022 ya nuna masu sa N95 ko KN95 a wuraren taruwa na cikin gini sun fi marasa sawa tsira daga korona da kashi 83, masu na tiyata 66, masu ƙyalle 56, kodayake adadin na ƙyallen bai yi ƙarfin da za a tsaya a kai ba.

Gaskiya ɗaya kuma da ba zan ɓoye ba, gwaje-gwajen da aka yi a kan ma'aikatan lafiya inda aka raba wasu N95 wasu na tiyata, kamar na mura da aka wallafa a Amurka a 2019 da na korona na 2022 a Kanada da Isra'ila da Pakistan da Masar, ba su nuna wani babban bambanci ba. Haka bitar da ƙungiyar Cochrane mai tattara binciken lafiya ta fitar a Janairun 2023 da aka yi ta yaɗawa cewa wai ta ce takunkumi ba ya aiki, har sai da babbar editarsu ta fito ta ce an yi wa bitar mummunar fahimta, abin da aka duba shi ne ko kiran mutane su sa takunkumi yana rage cuta, kuma sakamakon bai yanke hukunci ba. Yadda ni na fahimci abin shi ne, ma'aikaciyar jinya ta sa N95 a gaban mara lafiya, sannan ta cire a ɗakin hutu ta ci abinci da abokan aiki, ta koma gida wurin yaron da ya ɗauko mura a makaranta, toh in ta kamu ta ina za a gane amfanin takunkumin? Yana kare ka ne iya mintunan da yake manne a fuskarka.

Jabu ya yi yawa a wannan ɓangaren, araha kuma ba ta ado. CDC ta ce kusan kashi 60 na KN95 da NIOSH ta gwada a 2020 da 2021 ba su kai ma'aunin da suka yi iƙirari ba. N95 na gaske za ka ga an buga NIOSH a jikinsa da sunan kamfani da lambar amincewa mai farawa da TC-84A. In babu rubutu sam, ko an kuskure rubutun NIOSH ɗin, ko igiyar kunne ce da shi, ko an ce wai N95 na yara ne, ajiye shi, NIOSH ba ta amince da na yara ba. FFP2 na gaske yana da EN 149 da alamar CE da lambobi huɗu a bayanta. KN95 kuma a nemi GB 2626-2019.

Kuɗinsa guda ɗaya ya ninka na tiyata sau da yawa, amma mutumin da ba a asibiti yake aiki ba zai iya maimaita shi. Ka samu guda huɗu ko biyar, ka sa ɗaya yau, ka ajiye shi a jakar takarda ya bushe, ba leda ba, gobe ka ɗauki na gaba. Igiya ce ke fara mutuwa kafin matata, a lokacin ƙarancin kaya na zamanin korona CDC ta ce kar a wuce sawa da cirewa sau biyar in kamfanin bai faɗi wani adadi ba. Da ya saki, ko ya jiƙe, ko ya yi datti, ko numfashi ya fara nauyi, ya gama aiki.

Mai bawul kuwa, bawul ɗin ƙofa ce mai buɗewa waje kawai, tana rage zafi da danshi, kuma kai mai sawa kariyarka tana nan. Amma wani ɓangare na numfashinka yana fita ba a tace ba, don haka in kai ne mara lafiyar ko kana kula da mai rauni, nemi marar bawul.

Na roba mai matatar canzawa, da mai injin hura iska

Na roban shi ne irin wanda masu fenti da masu aikin sinadarai ke sawa. Jikinsa roba ce mai laushi da ke manne fuska fiye da kowanne a sama, in aka sa masa matatar P100 yana tace kashi 99.97. Da tsada a sayen farko, amma jikin yana shekaru, matatar kuma tana daɗewa in ba a wuri mai ƙura ake aiki ba. Yana da nauyi, yana danne murya, sai an riƙa goge shi, kuma yawancinsu suna da bawul. Mai injin kuwa, wanda ake kira PAPR, hula ce da batir ke hura mata tatacciyar iska, shi kaɗai ne gemu bai dame shi ba in mai sakakkiyar hula ne, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin amfanin gida.

Garkuwar fuska ta roba mai haske ita kaɗai ba takunkumi ba ce, ido take karewa daga fantsama, iska na zagaye ta ta ko'ina.

| Nau'i | Tacewa | Zama a fuska | Kuɗi | Daɗewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙyalle | ba tabbas, yawanci kaɗan | ya danganta da ɗinki | araha | watanni, da wanki | jin an tsira alhali ba a tsira ba |
| Na tiyata | yadin na da kyau | sako-sako, sai an ƙulla | araha guda ɗaya | sau ɗaya | iska ta gefe |
| KN95, KF94 | 94 zuwa 95 in na gaske ne | matsakaici | matsakaici | 'yan sawa | jabu, igiyar kunne ta saki |
| N95, FFP2 | 94 zuwa 95 ko fiye | mai kyau in ya dace da fuska | ya fi tsada | 'yan sawa | gemu, wanki, samfurin da bai dace ba |
| FFP3 | 99 | mai kyau | tsada | 'yan sawa | nauyin numfashi |
| Roba da P100 | 99.97 | mafi kyau | tsada da farko | shekaru | bawul, wahalar magana |

Maganar cewa takunkumi yana hana iskar oksijin shiga, ƙwayoyin oksijin da na iskar da muke fitarwa sun fi ramukan matata ƙanƙanta sau dubbai, wucewa suke yi abinsu, likitocin tiyata suna awanni da shi a fuska. Zafi da gumi da ƙurajen fuska da ciwon bayan kunne, waɗannan gaskiya ne. Mai ciwon huhu ko zuciya mai tsanani ya tambayi likitansa kafin ya ɗauki mai matsi. Yaro ƙasa da shekara biyu ba a sa masa takunkumi kwata-kwata, haka duk wanda ba zai iya cire shi da kansa ba.

Toh wanne ne naka?

In kana jinyar mai korona ko mura ko ƙyanda a gida, ko kana zaune da mai tarin fuka wanda bai daɗe da fara shan magani ba, shi ma ta iska yake bi duk da ba bairos ba ne, N95 ko FFP2 mai igiyar kai marar bawul, ka sa kafin ka shiga ɗakin ka cire bayan ka fito, ka buɗe taga, shi kuma mara lafiyar a ba shi na tiyata in zai iya jurewa. In ke ce mai juna biyu, ko kai ne tsoho, ko kana shan maganin da ke rage garkuwar jiki, kuma za ka zauna awanni a layin asibiti ko mota mai cunkoso ko jirgi, amsar ɗaya ce, N95 ko FFP2, kuma dan Allah kar a cire shi don amsa waya.

In kai ne ke tari kuma dole ka fita, na tiyata da aka ƙulla gefensa ya rage wa mutane abu mai yawa, in kana da KN95 marar bawul ya fi. Malami ko mai aikin da ke magana da jama'a wuni guda, KF94 ko mai bakin agwagwa sun fi daɗin jurewa don ba sa taɓa leɓe, in igiyar kunnen ta yi sako a haɗa su da ɗan maƙali a ƙeya. Yaran da suka haura shekara biyu, KF94 ko KN95 da aka yi daidai girman fuskarsu, na manya a fuskar yaro rata ce kawai. Ma'aikacin lafiyar da ke sa wa mara lafiya bututun numfashi ko aikin haƙori, N95 da aka gwada a fuskarsa ko FFP3 ko na roba, tare da kariyar ido, mai gemun cikinsu kuma PAPR.

Wanda kuɗinsa bai kai ga N95 ba a yanzu, ya sa na tiyata a ciki, ya ɗora na ƙyalle mai matsi a sama don ya danne gefen, ya rage zama a ɗakin da ba taga, in ya samu hali ya sayi N95 ko guda biyu ne ya ajiye su don ranar asibiti da ranar doguwar tafiya. A fili kuwa inda iska ke kaɗawa kuma ba cunkoso, na ƙyalle a aljihu ya wadatar, a ɗauko shi in an shiga layi ko wani ya matso yana tari.